Hular haƙori fara ko ta ƙarfe: wacce za ta kai yarinya har famfara?

Maman Auta:

Assalamu alaikum. Don Allah ina neman shawarar iyayen da suka taɓa bin wannan hanya, in kuma akwai likitan haƙori a cikinmu, a taimaka a sa mini baki.

Yarinyata shekararta biyar da wata huɗu. Kusan wata biyu ke nan na lura da ɓangare ɗaya take tauna, in kuma ta kurɓi ruwan sanyi sai ta dafe kunci ta yamutsa fuska. Na ɗauka shagwaɓa ce irin ta auta. Sai ranar da abinci ya maƙale mata ta fashe da kuka, na haska bakin da fitilar waya, sai ga rami baƙi ƙirin a turminta na ƙasa ta hagu, na can ƙurya. Wallahi kunya ce ta riga tausayi kama ni. Ni ce mai goge mata baki safe da dare, ashe na gaba kaɗai nake wankewa, na ƙurya suna can suna lalacewa ban sani ba.

Likita ya ɗauki hoto. Turame biyu ne abin ya shafa: wancan na ƙasa, da wani a sama ta dama, na farko, wanda ke bin bayan fiƙa. Na ƙasan ruɓar ta kusa kai wa jijiya, ya ce wataƙila sai an cire saman jijiyar an sa magani. Na saman bai kai nan ba, amma ruɓar ta ci sama ta ci gefe. Ya ce ciko ba zai daɗe a kan irin waɗannan ba, hula za a kifa wa kowanne, ta rufe haƙorin ruf har bakin dasashi.

Sai ya jawo wasu ƙananan akwatuna biyu ya buɗe a gabana. Ɗaya cike da huluna masu ƙyalli kamar sabon cokali, ya ce ƙarfe ne da ba ya tsatsa. Ɗayan kuma farare tas, sai ka ce haƙoran gaske aka jera, ya ce zirkoniya sunan abin da aka yi su da shi. Ina ɗora ido a kan fararen zuciyata ta tafi can. Bai matsa mini ba, amma daga yanayin maganarsa na gane ta ƙarfen ya fi so. Ya ce in je in yi tunani, mu dawo nan da kwana goma.

Babanta ya ce a sa ta ƙarfe a wuce wurin, haƙorin da zai faɗi ne, kuma farar ta fi tsada nesa ba kusa ba. Kakarta cewa ta yi me ma ya kawo zancen hula, a cire kawai, wani zai tsiro. Ni kuwa na san 'yata. Ba ta iya murmushi ba, baki take wangalewa, in tana dariya har ganɗa ake gani. Ina tunanin shekara biyar ko shida tana yawo da ƙarfe a baki, yara suna tsokanarta a makaranta, duk wanda ya gani ya san uwarta ta yi sakaci.

To farar nan tana da ƙarko kuwa, ko kyan ɗan maciji ne? Tana fashewa? Tana dafewa bayan shekara ɗaya ko biyu? Tana fita? Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ya ce sai an rage haƙorin sosai kafin ta shiga. Sosai ɗin nan kamar yaya? Yarinya ce mai tsoron allura, ranar hoton ma sai da na riƙe mata hannu biyu ina lallashi.

Baban Yara Uku:

Wa alaikumus salam. Hajiya, Allah ya ba ta lafiya. Ni farar ban san ta ba, ta ƙarfe na sani, kuma na san ta ciki da bai.

Babban ɗana an sa masa guda uku yana da shekara huɗu da rabi. Yanzu shekararsa goma. Ɗaya ta faɗi watan jiya tare da haƙorin, ya kawo mini a tafin hannu, saiwar ta narke, sai kan haƙorin a cikin hularsa daram yadda aka sa ta. Sauran biyun suna nan. A cikin shekarun nan sau ɗaya muka koma a kansu, shi ma don yaron mai niƙa haƙora ne cikin barci, har daga ɗakinmu muke jin ƙarar. Ya goge saman ɗaya har ta yi ɗan huji kamar kan allura, likita ya toshe, shi ke nan.

Biyu daga cikin ukun ko allura ba a yi masa ba. Wasu 'yan robobi aka cusa tsakanin haƙoran, muka dawo bayan 'yan kwanaki, aka cire su, aka cika hular da gam aka kifa, aka ce ya cije. Minti goma bai cika ba. Kwana biyu yana cewa bakinsa bai rufuwa daidai, daga baya ya manta.

Zancen tsokana kuwa, ni ma na yi wannan fargabar. Abin da ya faru a ƙarshe, shi yake buɗe baki yana nuna wa abokansa, wai haƙoran jarumai ne. Ƙaninsa har kuka ya yi don shi ba a sa masa ba. Ban ce haka kowane yaro yake ba, musamman mace. Amma ki yi haƙuri da abin da zan faɗa: a rubutunki, sau biyu kika ambaci kunyarki, ita yarinyar ba ki gaya mana abin da ta ce ba. Kin tambaye ta kuwa?

Uwar 'Yan Biyu:

'Yar uwa, ni na sa farar, bari in ba ki labarin yadda yake, da daɗinsa da rashin daɗinsa.

Ɗaya daga cikin tagwayena haƙoranta tun fitowarsu ba su da ƙwari. Tana shekara uku da rabi aka yi mata aiki gaba ɗaya, sai da aka sa ta barci, don ba yadda za a yi ta zauna. Huluna huɗu farare aka sa a turamenta na farko, sama biyu ƙasa biyu. Yanzu ta shiga shekara bakwai.

Kyau dai ba a magana. Har yau ba su dafe ba, ba su yi rawaya ba, yadda aka sa su haka suke. Ƙanwata da ke ganinta kullum sai da na nuna mata da yatsa sannan ta gane. Dasashin da ke kewaye da su ma fes, ba kumburi ba jini in ana gogewa. Abin dariyar shi ne yanzu da haƙoran girma suka fara fitowa, su ne suka fi duhu, hulunan sun fi su haske. In kika ƙura ido za ki ga farinsu iri ɗaya ne daga sama har ƙasa, kuma sun ɗan fi haƙorin gaske kauri. Sai dai wa zai tsaya ƙura wa bakin yarinya ido haka?

Rashin daɗin kuma ga shi. Ta ƙasa ta dama ta fita sau biyu. Na farko wata takwas da sawa, tana tauna alewa mai danƙo sai ga hula manne a jikin alewar. Ranar na ga abin da ake nufi da rage haƙori, gabana ya faɗi: ɗan kututture ne ya saura, ƙarami, kamar an fere shi. Na wanke hular na sa a kwalbar magani, washegari muka je aka mayar. Karo na biyu bayan shekara ɗaya da wani abu, wannan ba mu ma san dalili ba, a kan matashi muka tsince ta da safe. Na yi ta tunanin da ta haɗiye fa? Aka sake mannawa da wani gam daban, tun daga nan shiru, yau shekara biyu. Sauran ukun ko motsi ba su taɓa yi ba, kuma ba wadda ta tsage.

In aka ce in sake zaɓa, zan sake sa farar a na saman. Na ƙasan ban sani ba. Ki kuma tuna tawa barci take aka yi komai, ba ta san wainar da aka toya ba. Taki ido biyu za ta zauna.

Mai Gajeren Zance:

Ni ina bayan kaka. Duk wannan wahala da kashe kuɗi a kan haƙorin nono? Mu da muka tashi wa ya sa mana hula? A cire, yarinya ta huta, ke ma ki huta.

Likitar Haƙoran Yara:

Maman Auta, sannu da fama. Ban ga bakin yarinyar ba, ban ga hoton ba, don haka maganar likitanki ita ce gaba da tawa. Amma aikina ke nan kullum, zan gaya miki yadda nake auna abin in uwa ta zauna a gabana da irin tambayarki.

Bari in fara sallamar Malam mai cewa a cire. Turmin nono na biyu ba ya faɗuwa sai tsakanin shekara 10 zuwa 12, na farko kuma 9 zuwa 11. Yarinya mai shekara biyar ke nan da sauran shekara biyar zuwa bakwai a gaban na ƙasan. Kuma nan da 'yan watanni, wajen shekara shida, turmin girma na farko zai ɓullo a bayansa, jikin na nonon yake bi ya miƙe. In aka cire na nonon yanzu, na girman sai ya zamo gaba ya cinye filin, wanda zai fito a gurbin daga baya ya rasa wuri, ya fito a karkace ko ya maƙale. Shi ya sa in dole ta sa aka cire, sai an sa wani ƙarfe mai riƙe gurbi. Kin ga an gudu ba a tsira ba, ƙarfen dai ya shiga bakin.

Maganar likitanki cewa ciko ba zai zauna ba kuwa, gaskiya ce. Ɓawon haƙorin nono siriri ne, bai wuce milimita ɗaya ba, jijiyar kuma babba ce in aka kwatanta da girman haƙorin. In ruɓa ta ci fuska biyu, abin da ciko zai kama kaɗan ne. Bitar da Cochrane, ƙungiyar da ke tattara binciken lafiya tana tacewa, ta fitar a 2015 ta nuna hula ta fi ciko kare irin waɗannan turame daga lalacewa da ciwo a kan dogon lokaci.

Yanzu ga tambayarki ta gaskiya. Fara kala biyu ce, kuma mutane suna haɗa su. Akwai ta ƙarfe da aka liƙa wa farin rufi a fuska. Wannan ita ce mai ɓarewa, musamman a turmi inda ake tauna, sai ki ga rabi fari rabi ƙarfe, ta fi ta ƙarfe zalla muni. In wani ya ce miki farar tana ɓarewa, tambaye shi wacce aka sa wa ɗansa. Wadda aka nuna miki, zirkoniya, dangin tangaran ce, amma ba irin tangaran ɗin da kika sani ba, tauri gare ta ƙwarai, kuma abu ɗaya ce ciki da waje, ba rufin da zai ɓare. Da wuya ki ga yaro ya fasa ta da tauna. In za ta fashe, yawanci a hannun likita take fashewa, in ya danna ta da ƙarfi a kan haƙorin da bai rage isasshe ba. Ba ta shan launi, abin da ya hau kanta a sama yake tsayawa, gogewa ke fitar da shi. Kuma saboda santsinta dattin baki ba ya kama ta sosai, shi ya sa Uwar 'Yan Biyu ta ga dasashin 'yarta lafiya lau. A nan kam ta fi ta ƙarfe.

Taurin nan nata shi ne kuma matsalarta. Ta ƙarfe siririya ce, tana lanƙwasuwa. Ina iya datse bakinta, in matse shi da ɗan filaya, in na kifa ta sai ta yi ƙas ta kama wuyan haƙorin da kanta, gam taimako kawai yake yi. Wato ita nake gyarawa ta dace da haƙorin. Zirkoniya ba ta lanƙwasuwa ko kaɗan, ba a matse ta, don haka haƙorin nake gyarawa ya dace da ita. Sai ta zauna salin-alin ba tare da dannawa ba. Sosai ɗin da kika tambaya shi ne: a sama ana rage milimita ɗaya da rabi zuwa biyu, sannan a zagaye haƙorin gaba ɗaya ana ragewa, har a ɗan shiga ƙarƙashin dasashi. A ta ƙarfe saman milimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ne, sai gefen da ke maƙwabtaka da sauran haƙora, ɓangaren kunci da na harshe kusan ba a taɓa su. Milimita ɗaya ba komai ba ce a kan takarda, amma a haƙorin da jijiyarsa ke kusa, tana iya zama bambanci tsakanin a taɓa jijiya da a bar ta.

Tun da ba ta kama haƙorin da kanta, gam ne kaɗai ke riƙe ta. Gam kuwa ba ya shiri da jini da miyau. An shiga ƙarƙashin dasashi, dole ya yi jini, sai an tsayar da shi an busar da wurin kafin a manna. Yi wannan a can ƙuryar bakin yarinya mai shekara biyar, harshe yana kai-komo, miyau yana taruwa, ita kuma ta gaji. Shi ya sa in farar ta ba da matsala, fita take yi, ba fashewa ba. Labarin da aka ba ki a sama shi ne ainihin abin da muke gani.

Ta ƙarfe tun 1950 ake sa wa yara ita, mun san halinta na shekara da shekaru. Zirkoniya ta yara sai a ƙarshen shekarun 2000 ta shigo. Tana yin kyau a hannun wanda ya saba da ita, ni ma ina sawa kuma ina jin daɗin ganinta. Amma in likitanki ya fi sakin jiki da ta ƙarfe, kada ki raina wannan. Tambaye shi kai tsaye ko yana yawan sa farar a turame. Ba rashin kunya ba ne.

Ga wani abu da nake so ki lura da shi a haƙoran 'yarki biyu, don a juye lamarin yake. Na ƙasan, wanda za a taɓa jijiyarsa, allura dole ce, ragewa dole ce, ko wacce hula aka zaɓa. Amma shi ne ba a cika gani ba, kuma shi ne ya fi wuyar busarwa, shi ne kuma ya fi bukatar hular da za ta toshe shi gam don kada ƙwayoyin cuta su koma wurin jijiyar. Ni a nan ta ƙarfe zan sa ba tare da dogon tunani ba. Na saman kuwa, wanda ake gani in ta yi dariya, shi ne wataƙila zai iya tsira ba allura ba ragewa, ta hanyar da Baban Yara Uku ya kwatanta. Sunanta dabarar Hall, an sa mata sunan wata likita a Sikotilan, Norna Hall, wadda ta daɗe tana yi wa yara haka kafin masu bincike su bi diddigin aikinta su wallafa a 2006. Ana kifa hular a kan ruɓar yadda take, a toshe ta, ƙwayoyin cutar su rasa abinci, ruɓar ta tsaya. Sharaɗinta, hoto ya nuna akwai tazara tsakanin ruɓar da jijiya, kuma haƙorin ba ya ciwo haka kawai. Sai dai dabarar da ta ƙarfe kaɗai ake yinta, farar ba ta shiga haƙorin da ba a rage ba. To kin ga zaɓin da ke gabanki a na saman: ƙarfe a inda ake gani amma ba allura, ko fara tas amma da allura da ƙarar inji da zaman da zai fi tsawo.

Tambaya ɗaya: 'yan kunne suna sa mata ƙaiƙayi ko ƙuraje? Ta ƙarfen tana da sinadarin nikel, kusan kashi 10 cikin ɗari. Yaron da aka tabbatar jikinsa ba ya ɗaukar nikel ba a sa masa ita, a nan farar ta zama magani, ba ado ba.

Maman Auta:

Likita, Allah ya saka da alheri, sau uku na karanta. 'Yan kunne ba sa yi mata komai, tun tana jaririya take sawa. Abu biyu suka rage mini. In hular ta fita ta haɗiye fa? Sannan in lokacin famfara ya zo, hular ba za ta hana haƙorin faɗuwa ba? Na ji Baban Yara Uku ya ce tare suka faɗi, amma ita farar da take da tauri haka?

Baban Yara Uku, maganarka ta yi mini zafi, na rufe wayar na ajiye. Da dare na tambaye ta. Ta ce ita dai kada a yi mata allura.

Likitar Haƙoran Yara:

Famfara daga ƙasa take farawa, ba daga sama ba. Haƙorin girma ne ke turowa yana narkar da saiwar na nono har ta ƙare, hula kuwa a kai take, ba ruwanta da saiwa. Fara ko ƙarfe, tare da haƙorin za ta faɗi.

In ta haɗiye, yawanci ta bi hanyar abinci ta fita, ba a ma sani ba. Abin tsoro shi ne ta bi hanyar numfashi: in kika ga tari ya sarƙe ta, ko numfashi yana ƙara, ko tana kama ƙirji, asibiti nan take, kada a jira gari ya waye. In kuma ta fita kika tsince ta, wanke ta ki adana, ku je cikin kwana ɗaya ko biyu. Kada a bar kututturen a buɗe makonni, haƙoran gefe suna matsowa, sai hular ta ƙi komawa, balle farar da ba a iya matse ta.

Kafin ranar da aka ba ku, in ciwo ya fara tashinta daga barci, ko kika ga ɗan ƙurji a dasashin ƙasan, ko kunci ya kumbura, kada ki jira kwana goman. Alama ce ruɓar ta wuce saman jijiya, aikin da za a yi ya canja.

Sannan ko wacce aka sa, bakin hular inda ta haɗu da dasashi yana son buroshi, da man goge baki mai fuloraid, kwatankwacin ƙwayar wake a shekarunta, ta tofar kada ta kurkure. Ki tsaya a bayanta ki ɗaga haɓarta, ta haka za ki ga ƙuryar. Ki sa ido a kan turmin girman da ke tafe, shi ba ya famfara. Mutane da yawa suna ɗauka na nono ne don ba wanda ya faɗi kafin ya fito.

Maman Auta:

Na dawo in ba ku labari, tun da kun ɓata lokacinku a kaina.

Mun je jiya. Na ƙasan aka fara, ta ƙarfe. An shafa mata wani abu a dasashi kafin allurar, duk da haka ta yi kuka, ni ma na juya baya na yi nawa. An cire saman jijiyar kamar yadda likitan ya yi hasashe. Wajen minti arba'in muka yi. Ina tsaye ina kallon yadda yake fama da harshenta da miyau, mai taimaka masa tana ta zuƙewa da ɗan bututu, a raina na ce lallai Likita, na ga abin da kike faɗa. Ya gwada hula ɗaya ta yi girma, ya ɗauko ta ƙasa da ita, ya matse bakinta, na ji ƙas ɗin nan da kunnena.

Na yi masa tambayar da kika ce. Bai ji haushi ba, ya ce yana sa farar a haƙoran gaba sosai, a turame kuma jefi-jefi. Ya sake duba hoton na saman, ya ce akwai tazara, za a iya yi ba allura in mun yarda da ta ƙarfe. In kuma farar nake so zai sa, amma in san zama ne irin na jiya.

Tun da muka dawo gida madubi yake hannunta. Ta nuna wa babanta, ta nuna wa kakarta, ta kira yayarta a waya tana buɗe baki a kyamara. Wai tauraro aka sa mata. Da safen nan leɓen ya ɗan kumbura inda ta cije shi lokacin da bai dawo daidai ba, an riga an gargaɗe ni a kan haka, ban dai kula da kyau ba.

Saura na saman, nan da mako biyu. Ita ta ce tauraro take so, ya zama biyu. Babanta yana gefe yana mini dariya. Ni kuma har yanzu in na rufe ido akwatin fararen nan nake gani. Likitan ya ce in na yanke shawara in kira kwana biyar kafin ranar, don in ta ƙarfe ce sai mun fara zuwa an sa robobin. Lambar tana nan a wayata, yau sau biyu ina buɗe ta ina rufewa.